Rigar Zuwa Wata da Hammatar Kaftani

Jiya bayan la'asar ina tsakiyar yanka shaddar nan ruwan toka ka miƙo mini waya, ka ce, "Maigida, dubi sabuwar rigar da za a je wata da ita. Wai har kamfanin Prada masu kayan gayu sun sa hannu. To su ma can gayu ake yi? In kai aka kawo wa aikin, kyau za ka fara dubawa ko amfani?" Na ce ka bari sai na ajiye almakashi, don ba a yanka yadin mutane da rabin hankali. Yanzu kasuwa ta lafa, wuta ma an ɗauke, sai ka jawo benci ka zauna.

Tambayar taka ta mu ce, ta teloli, kuma na ji daɗi da ka yi ta. Rigunan da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka wata da su a 1969, mata ne masu ɗinki suka haɗa su a kan keke, a garin Dover na jihar Delaware a Amurka. Kamfanin da ya yi aikin, ILC, asalinsa shi ne mai yin rigar mama ta Playtex. Manyan kamfanonin jiragen sama sun nemi kwangilar, amma masu sanin yadda roba da yadi suke bin jikin mutum su ne suka ci. Rigar tana da shafi 21, ɗaya bisa ɗaya, kuma in layin ɗinki ya kauce ko da bai kai milimita ɗaya ba, sai a warware. Fil ɗaya da aka manta a ciki yana iya huda robar da ke riƙe iskar numfashin mutum, shi ya sa har na'urar ɗaukar hoton ƙashi suka ajiye, ana haska riga a ga ko an bar wani abu a ciki. Ka tuna da wannan duk ranar da ka cika baki da fil kana kalmasa, ka kai wa mai kaya wando da guda ɗaya maƙale a ƙafa.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, sunan riga kawai muke kiranta. Ƙaramin kumbo ne da aka yanka daidai jikin mutum. A can babu iska ko kaɗan, don haka dole a hura rigar da oksijin ta kumbura, ta danne jiki yadda iskar duniya take danne mu ba mu sani ba. Je wajen mai faci a bakin titi ka karɓi tyub ɗin mota da aka hura ya cika, ka gwada lanƙwasa shi. Haka hannun rigar yake zama. Alexei Leonov na Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara fita daga kumbo ya yi shawagi a sarari ranar 18 ga Maris 1965, minti 12 kawai ya yi a waje, amma rigarsa ta kumbura ta sandare har yatsunsa suka zame daga cikin safar hannu. Da ya zo komawa, ƙofa ta ƙi karɓarsa. Sai da ya buɗe bawul ya rage iskar da yake rayuwa da ita, sannan ya samu ya kutsa. Ka ga duk ƙwarewar aikin ta taru ne a gaɓoɓi: kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu, gwiwa, yatsu. Masu rigar Apollo, wato shirin Amurka da ya kai su Armstrong wata, sun ƙera robar waɗannan wurare da tattara, kamar zuga-zugin maƙera, yadda in gefe ɗaya ya naɗe ɗayan zai buɗe ba tare da iskar ciki ta matse ba.

Mu ma ai nan aikinmu yake. Kowa ya iya miƙe layi daga ƙugu zuwa idon sawu. Hammata da hantsar wando su ke raba tela da mai koyo.

Akwai wani ango da na yi wa kaftani ina saurayi, lokacin ban daɗe da buɗe shagona ba. Ya ce yana son ya kama jiki, na matse hammata na ɗaga ta sama, na zuba surfani a wuya har ƙirji. A rataye, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya kalla. Ranar ɗaurin aure da aka tada sallar azahar, yana ɗaga hannu kabbara ɗinkin ya tsage daga hammata har haƙarƙari, a sahun gaba, a gaban surukansa. Washegari ya kawo mini rigar a leda, ya ajiye a kan teburi, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, a tsaye kawai ka auna ni." Shekaru sun wuce, amma har yau ba na auna mutum ban ce ya ɗaga hannu ya sunkuya ba.

To dawo kan hoton da ka nuna mini. Kusan duk abin da idonka ya ɗauka ado ne a jikin irin waɗannan riguna, in ka bi sawunsa za ka tarar aiki ne ya kawo shi. Farin launi don ya mayar da zafin rana ne, saboda inda rana ta buga zafi yana kai digiri 120, inda inuwa take kuma sanyi ya wuce digiri 100 ƙasa da sifili. Ruwan zinaren da ke gilashin kwalkwali zinare ne na gaske, an shafa shi siriri don ya kare ido daga hasken rana. Rigunan ruwan lemo da wasu 'yan sama jannati suke sawa lokacin tashi da sauka, an zaɓi launin ne don in kumbo ya faɗa teku masu ceto su hango mutum daga nesa. Jan layin da ke hannu da ƙafa ma yana da labari: bayan saukar farko a wata, da aka zo duba hotuna, sai aka sha wahalar bambance wane ne wane, don su biyun fari fat suke kuma fuska a rufe. Daga Apollo 13 aka fara sa wa shugaban tawaga jan layi. Kai da kake zuwa Ƙofar Soro kallon hawan Sallah, ai ka san ja da koren dogarai ba don burgewa kawai ba ne. A cikin dubban mutane da ƙurar dawakai, da ka hango launin ka san inda Sarki yake. Lifidin da ake ɗora wa doki ma yau ado muke ganinsa, amma cushen da ke cikinsa don tare kibiya aka yi shi.

Wanda ya fi burge ni shi ne rubutun da ke kan akwatin maɓallai a ƙirjin rigar da ake fita da ita a tashar sararin samaniya. A juye aka rubuta shi. Mai kallo zai ce kuskure ne. Mai sanye da rigar ba ya iya sunkuyar da kai ya ga ƙirjinsa, sai ya ɗaga ɗan madubi da ke ɗaure a wuyan hannunsa ya karanta. Wanda ya tsara wannan ya shiga cikin rigar da tunaninsa kafin ya taɓa yadi.

Game da Prada kuwa, ga yadda abin yake. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba kamfanin Axiom Space aikin sabuwar rigar wata a 2022, kashin farko na dala miliyan 228.5. A watan Maris na 2023 suka fito da samfuri baƙi mai ratsin ruwan lemo da shuɗi, mutane suka yi ta yabawa. Alhali baƙin mayafi ne aka ɗora a sama don a ɓoye sirrin ɗinkin daga abokan gasa, kuma mai tsara kayan 'yan fim ce ta zana shi. Ba mai zuwa wata da baƙar riga, rana za ta gasa shi. Ta gasken, fara mai toka-toka a gwiwa da gwiwar hannu, ita ce aka nuna a birnin Milan na Italiya a watan Oktoba na 2024, kuma ita ce a wayarka. Abin da Prada suka kawo shi ne sanin yadi da dabarun ɗinki na shafin waje, don sun daɗe suna harkar kayan masu tseren jirgin ruwa, inda gishiri da iska ba sa raga wa ɗinki. An tsara rigar ta ɗauki mutum awa 8 yana aiki a waje, kuma ta jure awa 2 a cikin ramukan kudancin wata da rana ba ta taɓa shiga ba. Ta baya ake shigarta, ta wata ƙofa, ba a saka ta kamar riga da wando.

Na san wadda ta fi kwanta maka a rai, don na ga irin ɗinkin da kake yi wa abokanka. Ta kamfanin kumbo na SpaceX ce, siririyar nan fara da baƙi da aka fara tashi da ita a 2020. Wanda ya zana ta, Jose Fernandez, mai yi wa jaruman finafinan Hollywood kaya ne, shi ya fara fitar da siffar sannan injiniyoyi suka bi ta da aiki. Ta yi kyau, ba musu. Amma ka san dalilin da ta samu damar zama siririya? Ta zaman cikin kumbo ce. Mutum yana kan kujera, igiya tana kawo masa iska, aikinta ta cece shi in iskar kumbon ta zube. Ko wadda suka gyara aka leƙa waje da ita a watan Satumba na 2024, da igiya take haɗe da kumbon, ba ta goye da akwatin iska a baya. Wadda za a yi yawo da ita a kan wata dole ta goyi iskarta, ruwanta, batirinta da abin tace numfashi. Ta Apollo da kayanta ta kai kilo 80 a nan duniya. Kada ka ɗauki yankan rigar zaman falo ka kai wa mai zuwa gona.

Sai maganar ƙura, wadda mu 'yan Katsina ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ka ga yadda hunturu yake sa mu zuba wa keke mai kullum, zif ɗin jaka ya riƙa cijewa. Tamu ƙurar ma mai sauƙi ce, iska ta daɗe tana gogar ta har ta yi laushi. Ta wata ba iska ba ruwa da suka taɓa ta, tsininta yana nan kamar garin kwalba. A tafiyar Apollo 17 ta 1972, kwana 3 kawai suka yi, amma ƙura ta cinye saman safar hannu, ta shiga mahaɗar wuyan hannu ta sa su tauri. Masu shirin Artemis, sabon shirin NASA na komawa wata, suna son zama ya fi haka daɗewa. Don haka duk wata tattara, duk wani layin ɗinki da za a ƙara don kyau, wuri ne da ƙura za ta kwanta. Mai zane yana son layi, mai aikin yana ƙirga abin da layin zai jawo.

Ciki kuwa, inda ba mai gani, nan ran mutum yake. Suna sa wata 'yar ciki mai kama jiki da aka ratsa ta da siraran bututu kusan mita 90, ruwa yana zagayawa yana kwashe zafin jiki. A watan Yuli na 2013 wata hanyar ruwan nan ta toshe a rigar Luca Parmitano ɗan Italiya, ruwa ya taru cikin kwalkwalinsa ya rufe masa ido da hanci, da ƙyar ya laluba ya koma cikin tashar sararin samaniya. A hoto, rigarsa ba ta da aibi ko ɗaya.

Awo ma ka riƙe shi. A watan Maris na 2019 NASA ta shirya mata biyu su fita aiki tare karon farko, aka fasa, don rigar sama matsakaiciya guda ɗaya ce a shirye a tashar. Sai a watan Oktoba Christina Koch da Jessica Meir suka yi fitar. Kuma safar hannun da ba ta zauna daidai ba takan sa farcen wasunsu ya ɓamɓare. Shi ya sa sabuwar rigar aka yi ta yadda za a daidaita ta da kusan kowane jiki, mace ko namiji.

Ba zan ce maka kyau ba komai ba ne, don ƙarya zan yi, kuma da shi muke ci. Mai kaya da ido yake fara saye. Su ma can, kuɗin jama'a ake kashewa, kuma yaron da ya ga hoton ya ji yana son ya zama injiniya, rigar ce ta fara kiransa. Wanda ya sa kayan da suka zauna masa, tafiyarsa ma daban take. In ni aka kawo wa aikin, zan fara da tambayar da nake yi wa kowa a nan: ina za ka da ita, me za ka yi a cikinta, awa nawa? In na gama da gaɓoɓi, na gama da shafi, abin da ya rage na fili shi ne rabon ado, kuma a nan zan zuba duk iyawata, daidai da surfanin aljihun babbar riga da yake ƙawata ta kuma yake ƙara wa bakin aljihun ƙarfi.

Tashi ka ɗauko kaftanin da ka haɗa shekaranjiya, na yaron nan mai babur. Kusan jikinku ɗaya, saka shi. Ɗaga hannu kamar za ka yi kabbara. Yi ruku'u. Yanzu zauna a bencin nan ka miƙa hannu gaba kamar ka riƙe kan babur. Ka ji inda yake ja? Ga reza, warware hammatar duka biyu, akwai ragowar yadinsa a ƙarƙashin teburi, ka yanko ka ƙara. Wuyan kada ka taɓa shi, ya yi kyau. In ka gama ka ƙirga fil ɗinka kafin ka kai wa mai guga.