Na yi jijjiga wajen haihuwa har aka yi mini aiki: ko ciwon zai dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mai jego ce daga Garwa a Kamaru, shekaruna 19, haihuwar fari. Cikina na wata tara na tashi da ciwon kai mai tsanani, idona yana ganin walƙiya-walƙiya, sai na faɗi ina jijjiga. Ban farfaɗo ba sai a asibiti, an riga an yi mini aiki an ciro yaro, da ransa alhamdulillahi. Yau kwana 16. Goggona da ke kula da ni ta ce iskoki ne suka taɓa ni, ta kuma dage sai na yi wankan jego da ruwa mai zafi safe da yamma, ina shan kunun kanwa. An ba ni maganin hawan jini amma na bar sha tunda na ji sauƙi. Ciwon nan zai dawo? Yaushe zan iya sake ɗaukar ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, ƙanwata, Allah ya raya mana yaro, ya ƙara miki lafiya.

Kafin in taɓa maganar ciki na gaba, akwai abin da ya fi gaggawa: maganin nan da kika ajiye. Yau ko gobe da safe ki ɗauki kwalinsa da takardar sallamarki ki je asibiti mafi kusa a auna jininki. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mace tana iya zama tana dariya da 'yan barka alhali jininta ya kai 160 bisa 110, wanda shi ne matakin da muke tsoron jijjiga da shanyewar ɓarin jiki. Jin sauƙi ba awo ba ne. Mai yanke hukuncin a rage magani ko a daina shi ne wanda ya ɗaura miki abin awo a hannu ya ga lamba.

Abin da ya same ki ya samo asali ne daga mabiyiya. A wasu mata, musamman masu cikin fari da masu ƙananan shekaru da masu tagwaye, mabiyiya ba ta kafa jijiyoyinta da kyau a bangon mahaifa tun farkon ciki. Sai ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa masu takura jijiyoyin jini a ko'ina. Bayan mako 20 jini ya fara hawa, ya wuce 140 bisa 90, ƙoda ta fara zubar da furotin cikin fitsari, fuska da hannuwa su kumbura. In abin ya kai ƙwaƙwalwa, sai ciwon kai da ganin walƙiya, sannan jijjiga. Shi ya sa aka gaggauta ciro yaron: maganin asali shi ne a raba ki da mabiyiyar. Allurar nan mai sa jin zafi a jiki da ƙila kika tuna ana yi miki, magnesium sulfate ce, ana ci gaba da ita awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe don kada ta maimaita.

To amma fitar mabiyiya ba ya nufin jiki ya koma daidai nan take. Jini ya kan ƙara hawa tsakanin kwana na 3 da na 6 bayan haihuwa, lokacin da yawanci an sallamo mace gida, kuma jijjiga na iya zuwa har cikin makonni shida na jego, duk da cewa ta fi yawa a kwana biyun farko. A mafi yawan mata jinin yana sauka cikin mako 6 zuwa 12. In ya wuce wata uku bai sauka ba, sai mu ɗauke shi a matsayin hawan jini mai zama, mu duba ƙoda. Don haka in kika ji ciwon kai da bai jin farasitamol, ko gani ya dushe, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ko wurin ɗinki ya fara ruwa da zazzaɓi, ba a jira gari ya waye. Ki kuma gaya wa mutanen gida: in Allah ya kiyaye aka sake faɗuwa, a kwantar da ke ta gefen hagu, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu, kada a turara hayaƙi, a nemi abin hawa kawai.

Goggo ba maƙiyiyarki ba ce. Abin da aka yi mata ta ga ta tashi lafiya shi take so ta yi miki, kuma wanda ya ga jijjiga da idonsa ba zai yi mamakin a ce iskoki ba. Amma ciwon da ake gani a lambar awo, ake gani a fitsari, allura kuma ta tsayar da shi, ciwon asibiti ne. Ba farfaɗiya ba ce kuma, ba za ki rayu kina faɗuwa ba. A ci gaba da addu'a, a ci gaba da magani. Shawarata ki tafi da ita wajen awon, ta ji daga bakin ungozoma. Tsofaffinmu sun fi karɓar magana in an girmama su an yi musu bayani kai tsaye, ba a aiko musu da saƙo ta bakin yarinya ba.

Kunun kanwa dai ki bar shi, a nan ba ni da sassauci. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga jini, ga ki da jinin da bai gama sauka ba da ƙodar da ta wahala. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta hakan da kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a Najeriya ya nuna lamarin bai tsaya kan al'ada ba, rama da ciwon nan da kika yi su ma suna cikin abin da ke jawo shi. Ke nan kina cikin waɗanda ya kamata a tausaya wa zuciyarsu. A dama miki kunun gero ko na gyaɗa ba kanwa, nono zai zo. Abin da ke kawo nono shi ne yawan ba yaro da shan ruwa da ƙoshi. A rage gishiri da dunƙulen miya, a ƙara wake, zogale, kifi, ƙwai da hanta, ki kuma sha ƙwayar ƙarin jini in an rubuta miki, don mai aiki ta yi asarar jini.

Wanka kuwa ki yi abinki da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki. Tafasasshen ruwa da ake fyaɗawa da ganye, a zafin Garwa da ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, yana iya sa jiri da faɗuwa, yana ƙona fata, kuma ba a danna ciki ko gasa wurin ɗinki. A wanke shi a hankali, a tsane da tsumma mai tsabta. Ki guji sayen diklofenak da ibuprofen a teburin mai magani don ciwon jiki, suna iya ɗaga jini su taɓa ƙoda. Magungunan hawan jini da muke ba masu jego, irin su nifedipine, ba sa hana shayarwa.

Sai tambayarki ta ainihi. Mafi yawan matan da suka yi wannan ciwo a cikin fari suna haihuwa ta biyu lafiya. Kimanin ɗaya cikin shida ne hawan jinin ciki mai tsanani ke sake samu, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda ciwon ya kama tun ciki bai tsufa ba. Naki ya zo a wata tara, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. Ko ya dawo, in ana awo ana kama shi tun bai kai ga jijjiga ba. Da kin tabbatar da ciki ki fara awo, ki faɗi tarihinki tun zuwan farko. Likita zai ɗora ki kan ƙaramin asfirin daga wajen mako 12, da ƙwayar kalsiyam, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince suna rage haɗarin. Hukumar ta kuma ba da shawarar zuwa awo sau 8 tun 2016. Ke taki za ta iya fin haka. Ki tambayi shirin Shek Sante na tallafa wa masu ciki da ake yi a jihohin Arewa, Arewa Mai Nisa da Adamawa na Kamaru: da sefa 6,000 ana ɗaukar nauyin awo, haihuwa, aiki in ya kama, da kulawa har kwana 42 bayan haihuwa, a asibitocin da ke cikin shirin.

Tazara kuwa, ki ba kanki shekara biyu kafin sabon ciki. Ɗinkin mahaifa na buƙatar lokaci. Ciki da wuri yana ƙara haɗarin ya yage lokacin naƙuda. Shayarwa kaɗai ba abin dogaro ba ce da zarar al'ada ta dawo ko yaro ya fara cin abinci ko ya kai wata shida. Ku je tare da maigida a zaɓa muku hanya: ashanar hannu ko robar mahaifa sun dace da ke, ƙwayoyin da ke da sinadarin istirojin kuwa ba a ba mai hawan jini. An yi miki aiki sau ɗaya ba ya nufin kullum sai aiki, amma haihuwarki ta gaba a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini za a yi ta, ba a gida ba.

Akwai abu biyu da ba ki tambaya ba. Wadda ta yi wannan ciwo ta fi sauran mata haɗarin hawan jini da ciwon zuciya in shekaru sun ja, don haka ko ba ciki ki riƙa auna jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Sannan mata da yawa da suka farka suka tarar an riga an ciro musu ɗa sukan yi fama da firgita, rashin barci, kuka ba dalili, ko jin kamar yaron ba nasu ba ne. In hakan ya wuce mako biyu yana damunki, ki faɗa wa ungozoma ranar da kika je awon, akwai taimakon da ake yi.