Tambaya da Amsa: Ina Tauraron Yake a Cikin Garkuwar Maganaɗisu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyya ne. Yaya zan lissafa ko tauraron ɗan adam irin NigComSat-1R yana cikin garkuwar maganaɗisun duniya ko ya fita waje a wani lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wurin tauraron ba shi da wuyar samu. Wahalar tana wajen garkuwar, domin iskar rana, wato ƙwayoyin zarra masu caji da ke kwararowa daga rana, kan matsa ta, ta kuma sake ta.

Fara da tauraron. Ka sauko da bayanan falakinsa na TLE, wato layuka biyu na lambobi da ke bayyana hanyar da yake bi, ka lissafa da SGP4, dabarar da ke fitar da wurinsa daga waɗannan lambobi, sannan ka juya sakamakon zuwa GSM, tsarin nuna wuri a sararin samaniya wanda layinsa na X ke fuskantar rana. Nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe: SGP4 a wani tsari daban mai suna TEME yake ba da amsa, wanda bai juya ba zai ga tauraron a inda ba ya nan. Agogonka kuma ya zama na UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Ka raba nisan tauraron daga tsakiyar duniya da rabin faɗin duniya, kilomita 6,371, ka ga ninki nawa ne. NigComSat-1R yana kan ninki 6.6, a digiri 42.5 gabas.

Sai iyakar garkuwar. Lissafin Shue na 1998 abu biyu yake nema: matsin iskar rana da Bz, wato ko maganaɗisun iskar ya karkata arewa ko kudu. Idan matsin nanofaskal 2 ne, Bz sifili, goshin garkuwar, wato gefenta mai fuskantar rana, yana wajen ninki 10, tauraron na can ciki lafiya lau. Idan matsin ya kai 30, Bz ya sauka zuwa -20, iyakar kan dawo kusan ninki 5.4. To, tauraron ya fita, amma fa sai idan yana ɓangaren rana, wanda a wurinsa ke faɗowa wajen ƙarfe 10 na safe agogon Najeriya. Da dare yana ɓangaren wutsiyar garkuwar, a bayan duniya, ba ruwansa. Taurarin da ke wannan falaki sun gamu da irin haka a guguwar Mayun 2024.

Kuskure na biyu shi ne lokaci. Ana auna iskar a L1, wani wuri tsakanin duniya da rana, kilomita miliyan 1.5 daga duniya, kuma takan ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ta iso. Ka ɗauki bayanan OMNI na NASA, an riga an gyara musu wannan jinkirin. Ka kuma karkata layin X da kimanin digiri 4, saboda gudun duniya na kilomita 30 a daƙiƙa wajen zagaya rana.

Idan tazarar da ka samu tsakanin tauraron da iyakar ba ta kai ninki 1 ba, kada ka yanke hukunci sai ka duba abin da na'urar auna maganaɗisu ta wani tauraro, kamar GOES, ta nuna.