Magic ko Curry, waye gwanin masu raba ƙwallo a NBA?

Malam, ka tambaya waye ya fi kowa a cikin masu raba ƙwallo a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wai kuna ta musu da abokanka tsakanin Magic Johnson da Stephen Curry. To da farko sai kun yarda da juna me kuke aunawa, in ba haka ba har gobe ba za ku gama ba.

In aikin gurbin ake nufi, wato tsara wasa da ba wa abokai fasin, ni dai Magic nake ba wa. Kofi 5 ya ci da Lakers tsakanin 1980 da 1988, MVP (wato gwarzon ɗan wasan kaka) sau 3, ga tsawo ƙafa 6 da inci 9, yana hango fili gaba ɗaya ta saman kowa. Curry kuwa kofi 4 ne da Golden State, MVP sau 2, na 2016 ma babu ƙuri'a ɗaya da ta kuɓuce masa, kuma jifansa na maki uku ya canza yadda ake buga wasan kaf, a 2021 ya wuce Ray Allen, wanda a da ya fi kowa zura irin wannan jifa a tarihin NBA. Amma gaskiya shi ya fi kama da maharbi.

Kar ku ƙirga kofi kaɗai, John Stockton, tsohon mai raba ƙwallo na Utah Jazz, bai taɓa ci ba amma fasin 15,806 ya bayar aka zura, ba wanda ya kamo shi. Kuma guntun bidiyon TikTok ba hujja ba ne wallahi. Ku nemi cikakken wasa a YouTube, sannan zancen tsaro da motsi ba tare da ƙwallo ba, koci za ku samu ya warware muku, ido kawai ba ya kama shi.