Babur mai rumfa a Kaduna: amsa ga Malamar da ke zuwa Barnawa daga Kawo

Malama, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarki tun jiya, kin ce kullum daga Kawo kike tafiya Barnawa koyarwa, kuɗin Napep ya cinye albashin, kina tunanin sayen babur mai rumfa, kuma kina so a gaya miki ko ya fi babur ɗin da aka saba aminci. Na ga wasu sun ce miki ai mota ce ƙarama, wasu sun ce kayan wasan yara ne. Ni na hau iri biyu, ɗaya ya kusa kai ni lahira, ɗaya kuma yau shekara biyu ke nan yana kai ni aiki. Ki yi haƙuri da tsawon zancen.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 na jingine motata. Daga Unguwar Dosa nake zuwa Kakuri, kusan hanyarmu ɗaya da ke: Ali Akilu, shataletalen Lugard Hall, Ahmadu Bello Way, Sitadiyam, a haye gada, a kama hanyar Kachiya. Na fara da wata roba-roba da ƙanena ya bar min. Mai kam ba ta sha, Allah ya sani. Matsalar ita ce damina. Sau uku ina isa ofis babbar rigata ta manne da jiki, takardun da ke cikin jaka sun zama kunu. Sai wani abokin aikina ya ce in je kasuwar Panteka a ɗora min rumfa, ai mai walda ba abin da ba ya iyawa.

Aka kuwa yi. Bututun ƙarfe huɗu, biyu a gaba biyu a baya, aka ɗora leda mai kauri a sama, aka sa roba mai haske a gaba a madadin gilashi. Ranar da na fito da ita yaran unguwa har tafi suka yi min. Sati biyu ina jin daɗina, rana ba ta dukana. Rannan da la'asar hadari ya haɗu daga gabas, irin na farkon damina da iska ke riga ruwa isowa. Ina tsakiyar gadar kogin Kaduna iskar ta bugo ni ta gefe. Abin da ban sani ba shi ne na ɗaura wa babur laima. Ji na yi an ɗage gaban babur ɗin, kan ya yi sakayau a hannuna kamar ba a ƙasa tayar take ba, sai ga ni a layin da ba nawa ba, wata bas tana danna min hon a baya. Allah ne ya sa direban ya taka birki. Da na sauka daga gadar na tsaya a gefen titi, ƙafafuna suna rawa, na duba sai na ga waldar ƙarfen gaba na dama ta tsage, bakinsa ya yi tsini daidai saitin ƙirjina. Da faɗuwa na yi, wannan ƙarfen da na biya kuɗi aka sa min shi zai fara soke ni. Washegari na sa aka yanke ta gaba ɗaya. Ban ga laifin mai waldar ba, abin da na ce ya yi shi ya yi.

To kin ga abu na farko ke nan: kalmar "rumfa" tana rufe abubuwa daban-daban, kuma masu sayarwa ba za su bambance miki ba.

Akwai wanda aka ƙera shi tun daga masana'anta domin ya kare mutum idan an yi karo. Wanda ya fi shahara shi ne BMW C1, da kamfanin na Jamus ya fitar a shekarar 2000. Rumfarsa ba ado ba ce, keji ne na alminiyam da ya zagaye mahayi tun daga gaba har baya, da bel biyu da ke gitta ƙirji, da wani sashe a gaba da aka yi shi domin ya lotse ya shanye ƙarfin karo, kamar na mota. Saboda haka ne Jamus da wasu ƙasashen Turai suka yarda a hau shi ba hular kwano muddin an ɗaura bel, amma Ingila ta ƙi, ta ce sai da hula. Hikimar ita ce in ya faɗi, kina cikin kejin, shi zai sha ƙasa ba ke ba. Amma nauyinsa ya kai wajen kilo 185, nauyin kuma a sama yake, ga tsada. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, a 2002 suka daina ƙera shi. Duk wanda ya nuna miki bidiyon C1 yana cewa babur mai rumfa ba ya kisa, ki tambaye shi ko wanda zai sayar miki yana da wannan kejin da wannan bel ɗin. Kuma ko an kawo miki C1 ɗin kyauta, babur ne da ya haura shekara 20, ranar da wani abu ya lalace a injinsa za ki san Kaduna da faɗi.

Akwai kuma wanda aka yi rumfarsa domin ruwa da rana kawai. Nawa na yanzu irinsa ne, Honda Gyro Canopy, na hannu, wanda wani ɗan uwana mai harkar kayan gwanjo ya samo min. A 1990 aka fara ƙera shi a Jafan, can masu kai abinci gida-gida ne suka fi hawansa. Taya uku gare shi, ɗaya a gaba biyu a baya, amma ba kamar Napep ba ne: gangar jikin tana kwantawa a kwana kamar babur, tayoyin baya da injin suna zaune daram a ƙasa. Yana da gilashi babba da waifa, da wurin ɗora akwati a baya. In na tsaya akwai wani hannu da nake ja, ya kulle shi a tsaye, ba sai na nemi jak ba. Ba shi da bel, kuma daidai ne da ba shi da shi, domin rumfarsa roba ce da ba za ta ɗauki karo ba. Ɗaure mutum a cikin abin da ba zai kare shi ba ya fi barinsa a sake muni.

Bari in gaya miki abin da yake yi min da gaske. Ruwan sama in dai ba mai iska ba ne, kuma ina tafiya, kaina da ƙirjina da cinyoyina ba sa jiƙewa. Gwiwar hannu da kafaɗa kan ɗan taɓa. In na tsaya a danja ruwan yana saukowa a karkace, to sai haƙuri, gefe a buɗe yake. Abin da ya fi jiƙa ni ma ba na sama ba ne, na ƙasa ne, wato in mota ta faɗa kududdufi ta watso min. Don haka har yau rigar ruwa tana cikin akwatina daga Mayu zuwa Oktoba. A watan Agusta da ruwa ke wuni yana zuba, nan ne nake gode wa Allah da waifar nan. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da rana ke dafa kwanya, inuwar nan kaɗai ta biya kuɗinta. Da hunturu gilashin yana tare min sanyin asuba a ƙirji, tarin da nake yi duk Janairu ya ragu sosai. Sai dai ƙura tana kwanciya a kan gilashin, in kika kunna waifa a bushe za ta kankare shi ya yi dishi-dishi, da dare fitilar motar da ke tahowa ta baje a kai ki daina ganin komai. Ni da gorar ruwa da tsumma mai laushi nake yawo, kafin in tayar sai na wanke.

Yanzu abin da ba ya yi. Injinsa ƙarami ne, 50cc. A Ahmadu Bello Way da safe, inda kowa ke jan ciki cikin go-sulo, ba ni da matsala da kowa. Amma hawan gadar Kawo sai ya yi nishi, kuma ban taɓa kai shi titin baifas na Nnamdi Azikiwe ba, ba kuma zan kai shi ba. Titin tireloli da tankoki ne. In tirela ta wuce ki da gudu iskar da take turowa tana jan duk abin da ke da faɗin jiki, babur mai rumfa kuwa faɗin jiki ne da shi. Ko wannan na masana'anta, in hadari ya taso da iska, tsayawa nake yi a gidan mai ko ƙarƙashin wata baranda har ta lafa. Darasin gadar nan bai bar ni ba. Tayoyin bayansa ƙanana ne, ramin da Boxer zai tsallake yana dariya ni sai na rage gudu na lallaɓa. Da yake layin taya uku ne, kauce wa rami ya fi wuya, kin kauce da ta gaba ta baya ta faɗa. In layinku a Kawo ba kwalta, ki je ki dube shi bayan an yi ruwa kafin ki yanke shawara. Kuma kujera ɗaya ce. Kin ce kina da yara. In da niyyar ki riƙa sauke su a makaranta ne, wannan ba naki ba ne.

Hular kwano ba sulhu. Na san halinmu, mu ne a 2009 da 'yan rodi sefti suka matsa kan dokar hula wasu suka kifa ƙwarya a ka suka hau titi. Mutum in ya ga rufi a samansa sai zuciyarsa ta ce masa a mota yake. Ni kaina na yi wata guda ina barin hular a gida kafin matata ta tambaye ni ko robar ce za ta tare min kwalta. Hasali ma a babur mai rumfa kanki yana da ƙarin abin da zai bugu da shi, wato ginshiƙan rumfar. Ki sayi mai ɗaurin haɓa ki ɗaure, a kan hijabi tana zama lafiya lau. Tunda na ambaci hijabi, nan kam irin wannan babur ɗin ya fi na maza: ba a ɗaga ƙafa a haye shi, shiga ake yi a zauna ƙafa biyu a gaba, kuma ba sarƙa a buɗe da za ta cafke zani. Duk da haka ki tattare bakin hijabin ki zauna a kai, kar ki bar shi yana lilo ta baya wajen taya.

Maganar gyara ita ce ta fi ba ni wahala. Bakanike na farko da na kai wa ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Alhaji, wannan sai dai mu koya a kansa." Na ɗauke abina. Sai da na samu wani dattijo da ya daɗe yana gyaran Vespa da ƙananan babura marasa giya, shi ya gane kansa. Fulogi da baƙin mai da faci ba matsala. Amma da bel ɗin injin ya tsinke, sati uku babur yana jingine kafin a samo daidai shi daga Legas. Gilashin in ya fashe ban san inda zan dosa ba, shi ya sa nake ajiye shi nesa da inda yara ke buga ƙwallo. Kafin ki ba da kuɗi, ki ɗauki hoton babur ɗin ki shiga wurin masu kayan gyara ki tambaye su bel da birki da taya. In mutum uku suka girgiza kai, kin samu amsa.

Na ga wani ya kawo miki shawarar masu lantarki 'yan Chaina, masu taya uku da rufi har da ƙofa. Na hau na maƙwabcina sau biyu. Shiru, ba hayaƙi, ba layin gidan mai. Amma jikinsu ba ya kwantawa a kwana, ga su dogaye ga ƙunci, in kika shiga shataletale da gudu tayar ciki tana ɗagawa. Sannan ki yi lissafin wuta a unguwarku da gaskiya, ba yadda kike fata ba. Kawo zuwa Barnawa da dawowa tafiya ce, batir kuma yana raguwa da tsufa. In kuna da sola a gida, ko makarantarku za ta bar ki ki riƙa caji, to ki duba shi da kyau.

Takardu kuma ki yi su cikakku: lamba, lasin tuƙin babur, inshora. A 2014 an hana acaɓa a cikin garin Kaduna, kuma abin da ba a saba gani ba shi ake fara tsayarwa. An sha tsayar da ni, rabi don a duba takarda, rabi don a tambaye ni nawa na saya.

In kin ce in zaɓa miki, ga ra'ayina. Idan ke kaɗai ce za ki hau, ta cikin gari za ki bi, kin samu na masana'anta mai lafiya da bakaniken da ya san shi, ki saya, za ki isa aji da tufafinki a bushe kuma kuɗin mai ba zai dame ki ba. Idan babu, ki sayi roba-roba ko Haojue da kowane lungu ke da kayansa, da hula mai kyau da rigar ruwa, kar ki bari kowa ya ɗora miki ƙarfe a kai. Ba ki faɗa ba ko kin taɓa tuƙa babur. In ba ki taɓa ba, kar ranar farkonki ta zama Litinin da safe a shataletalen Sitadiyam. Ranar Asabar da hantsi nakan je wajen Murtala Square motsa jiki. In Maigida ya amince ku zo tare, ki zagaya da nawa a fili sau biyu-uku ki ji nauyinsa a kwana. Ku taho da hular, tawa za ta yi miki yawa.