Amsa ga mai neman nauyin molekul na asiton da hanyar Dumas

Salamu alaikum ƙanina. Ka ce 72 kake samu maimakon 58, sau uku a jere, a hanyar Dumas, wato a zuba asiton a kwalba, a rufe bakin da foyil mai ɗan huji, a dumama ta cikin tafasasshen ruwa har ya zama tururi, sannan a auna nauyin abin da ya rage. Wallahi na san wannan ciwon kai, kuma ba lissafinka ba ne ya lalace.

Fara da kwalbar. Wadda aka rubuta wa mililita 250, in ta cika har baki takan ci wajen 280, kuma tururin har baki yake kaiwa. Cika ta da ruwa, ka juye a silindar awo, wannan adadin za ka sa a matsayin V a M = mRT/PV (M nauyin molekul, m nauyin tururin, R adadin iskar gas da ba ya canzawa, T zafi, P matsin iska, V cikin kwalbar). In ka sa 250, amsar ta riga ta kai wajen 65.

Sai babban mugun, ruwan da ke maƙalewa a ƙarƙashin foyil ɗin da ka rufe bakin. Tururin asiton da ya rage a kwalbar wajen rabin giram ne kawai. Ɗigon ruwa ɗaya kuwa giram 0.05 ne, wato kashi goma cikin ɗari. Ɗigo ɗaya tak! Za ka yi awa biyu a tsaye, ka goge kwalba tas, ashe yana ɓoye a lanƙwasar foyil. Ga sikeli ɗaya ga ɗalibai rututu, wani ya ɗora kwalbarsa a jiƙe ya tafi abinsa, wani ya ja sikelin gefe bai maida shi sifili ba. Masu wannan hali su ji tsoron Allah, aikin mutane suke ɓatawa. Busar da wuyan da gefen foyil da tishu, ka bari ta huce sarai kafin awo, amma kada ka daɗe, asiton na gudu ta hujin, amsar ta faɗo ƙasa.

Hujin na bakin allura ne kawai. Mililita 3 zuwa 4 na asiton sun isa, ka nutsa kwalbar har wuya a tafasasshen ruwa, sai asiton ɗin ciki ya ɓace gaba ɗaya, ka ƙara minti biyu. Ban da wutar Bunsen, asiton kamar fetur yake kamawa. In dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya katse maka hita a tsakiya, sake daga farko.

Af, nan Kumasi tudu ne, matsin iska wajen atm 0.97 yake, ruwa na tafasa kusa da digiri 99. Karanta baromita da ma'aunin zafi da idonka, ka ƙara wa zafin 273. In garin sinadari za a ba ku gaba, ba mai ruwa-ruwa ba, Dumas ba ta yi, sai a narka shi a ruwan sinadarin sayikloheksen a auna yadda digirin daskarewar sayikloheksen ɗin ya sauka. Turo mana awon kwalbar wayam da na bayan tafasa mu duba tare.