An kashe ɗiyarmu, wanda ake zargi ya gudu: mu ci gaba da baza hotonsa?

Tambaya: Barista, sallama. Ni kawu ne ga wata yarinya mai shekara 21, ɗiyar yayata. Yau kwana 12 da aka tsinci gawarta a wani kango a bayan gari, da rauni a wuyanta. Wanda aka yi musu baiko ne ya ɗauke ta a babur da la'asar, mutane sun gani. Tun ranar ba a sake ganinsa ba, wayarsa a kashe. Samarin unguwa sun baza hotonsa a Facebook da WhatsApp, sun rubuta "makashi" a kai, har an yi karo-karo an sa tukuici ga wanda ya kamo shi. Wasu na cewa a tsare mahaifinsa har ya fito, wasu na cewa ya ƙetare Nijar ta Kamba. Mu ci gaba da cigiyar ko mu bar wa 'yan sanda? In ya bar ƙasa, shi ke nan jininta ya tafi a banza? Daga wani mai karatu a ƙasar Gwandu, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba yayarka haƙurin wannan rashi.

Cigiya ba laifi ba ce, kuma ban ce ku naɗe hannu ba. Amma ka tambayi kanka abin da kuke nema: ku ga mutumin nan a tsaye gaban alƙali da ransa, da shaidun da za su tsaya a kansa. Duk abin da ya kusantar da ku ga wannan ku yi shi. Yawancin abin da samarin ke yi yanzu nesanta ku yake yi, ko da yake da kyakkyawar niyya suke yi.

Fara da hoton. Shi ma wanda ake nema yana da ido, yana kuma da abokin da zai ara masa waya. Duk sanda wani ya rubuta a ƙarƙashin hoton "an gan shi jiya a tashar Kamba", to shi aka fara yi wa gargaɗi, kafin ɗan sanda ya ɗaura takalmi ya tashi daga nan. Sannan kama da wane ba ta wane. Hoton waya ne da aka yi ta turawa har ya dushe, saurayi siriri mai ɗan gemu da hula, irinsa ɗari za ka ƙirga a kasuwar Jega ranar Juma'a. Ga tukuici a kai, ga kalmar "makashi". Mun ga abin da taro ke yi in ya ɗauki zato: a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne masu komawa gida, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Babu wanda ya tsaya tambaya. In aka yi wa wani bawan Allah haka saboda hotonku, gawa ta zama biyu, kuma wanda ya rubuta kalmar nan zai amsa tambaya.

Akwai wata ɓarnar da sai wanda ya zauna a kotu yake ganinta. Na taɓa kallon wani yaron mota yana ba da shaida cewa shi ya ɗauki wanda ake tuhuma da asubar ranar da abin ya faru. Lauyan da ke kare mutumin ya tashi a hankali ya ce: "Kafin 'yan sanda su kira ka, ka ga hotonsa a waya?" Yaron ya ce ya gani, kowa ma ya gani. "To fuskar da ka nuna yau, ta cikin motarka ce ko ta cikin wayarka?" Yaron ya yi shiru yana murza hularsa. Shaidar da aka dogara da ita ta zube a nan. Shi ya sa 'yan sanda ke jera wanda ake zargi cikin mutane masu kama da shi su ce shaida ya nuna. In hoto ya riga ya zaga gari, wannan jeren ya rage daraja.

A Amurka an yi irin wannan a 2021. Wata budurwa mai shekara 22 ta ɓace tana yawo da wanda za ta aura, shi kuma ya dawo gida shi kaɗai, daga baya ya ɓace. Miliyoyin mutane suka shiga nema ta intanet. Abin da ya yi amfani ɗan kaɗan ne: wasu matafiya sun koma sun duba bidiyon da suka ɗauka a hanya, suka ga motar su biyun a gefen daji a Jihar Wyoming, suka miƙa wa masu bincike, aka kuwa sami gawarta a kusa da wurin. Sauran hayaniyar, abin da ta jawo shi ne jami'ai suka afka wa wani mai kama da shi da bindigogi yana barci. Na kawo wannan ne don ka ga bambancin wanda ya ce "ga abin da na gani" da wanda ya ce "ga abin da nake zato".

Don haka abin da zan ce ku yi: a sauke hoton mai ɗauke da kalmar "makashi". In za a yi cigiya, rundunar 'yan sandan jiha ce za ta ayyana ana nemansa, da lambar da za a kira, ku kuma ku yaɗa wannan sanarwar yadda take. Tukuicin a ce na wanda ya ba da labarin da ya kai ga kama shi ne, kada a ce na wanda ya kamo shi. Ku zaɓi mutum ɗaya a dangi, mai sanyin kai, shi kaɗai zai riƙa magana da ɗan sandan da ke riƙe da binciken. Ya sayi littafi na naira ɗari biyu ya riƙa rubutawa: wa ya gan su, ƙarfe nawa, wace riga, wane babur, ina suka nufa. Yau kwana 12, bayan wata shida mai shayin bakin titi ba zai tuna ko Talata ce ko Laraba ba. Wayar marigayiya, in tana hannunku, kada kowa ya yi ta latse-latse ko ya goge saƙo, a miƙa ta a rubuce a karɓi shaidar miƙawa.

Kisa ba shari'ar da ake ƙarewa a ofishin DPO ba ce. Ana mayar da ita sashen binciken manyan laifuka na jiha a Birnin Kebbi, daga nan fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a don daraktan gabatar da ƙara ya ba da shawara. In har yanzu fayil ɗin yana ƙasa, ku rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda takarda, ku riƙe kwafi mai hatimi. In aka yi shiru, akwai ofishin Mataimakin Sufeto Janar na shiyya ta 10 a Sakkwato, wanda Kebbi ke ƙarƙashinsa. Masu binciken ne ke da hurumin neman bayanan kiran waya daga kamfani da motsin asusun banki. Mai gudu kuwa ciki ne ke tona shi. Kuɗin aljihu za su ƙare, zai kira wani ya tura masa ta mai POS, zai yi kewar uwarsa. Waɗanda za su fi amfani a nan su ne 'yan kamasho na tasha, 'yan kabu-kabu, masu kwale-kwale, masu unguwanni da doka da al'ada suka ɗora wa sanin baƙon da ya sauka. A yi musu magana a natse, baki da baki.

In wani ya yi kiciɓis da shi, doka ta yarda farar hula ya kama wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi da babban laifi irin wannan, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ba duka, ba ɗauri a gidan 'yan banga a kwana ana "tambayarsa". Ikirarin da aka samo da sanda kotu na iya watsar da shi, kuma tun 2017 akwai dokar tarayya da ta mayar da azabtarwa laifi.

Maganar tsare mahaifinsa, a bar ta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Sashe na 7 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 da sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama wani a madadin wanda ake zargi, Alƙur'ani ma ya ce rai ba ya ɗaukar nauyin wani rai. Amma in akwai hujjar cewa uban ko wani ɗan'uwa ya ɓoye shi, ya ba shi kuɗin gudu, ko ya wanke babur don a ɓatar da alama, wannan laifinsa ne na kansa, kundin Penal Code ya tanadi hukuncinsa. Kuma kada ku rufe ƙofa da gidansu. Sau da yawa uban da aka mutunta, aka aika masa liman ko uban ƙasa, shi ke riƙo hannun ɗansa ya kai shi, don ya fi son ya gan shi a kurkuku da ya ji an ƙone shi a tasha.

Kotu ma tana da tata cigiyar, mutane ba su cika sani ba. In an ba da sammacin kamu aka tabbatar mutum ya ɓuya, alƙali na iya fitar da sanarwa a karanta a garinsu, a manna a ƙofar gidansu da ta kotu, a ba shi wa'adin da bai gaza kwana 30 ba. In bai fito ba ana iya riƙe dukiyarsa. Lauyanku ya tunatar da mai gabatar da ƙara wannan.

To in ya ƙetare fa? Iyakar Kebbi a buɗe take ta wurare da yawa, Kamba da Gaya ta Nijar kamar unguwa da unguwa ne, ta Lolo kuma mutum ya shiga Benin kafin shayi ya huce. Wannan yana jinkirta kamu, amma ba ya kashe shari'a, domin laifin kisa ba shi da wa'adi a dokar Nijeriya: ko bayan shekara 20 aka same shi za a gurfanar da shi. 'Yan sanda na da ofishin Interpol, wato 'yan sandan ƙasa da ƙasa, a Abuja da ke aika sanarwa ga ƙasashe, neman a miƙo mutum kuma ta hannun Antoni Janar na Tarayya yake bi. Da Benin akwai yarjejeniyar miƙa masu laifi ta 1984 wadda Nijeriya da Benin da Togo da Ghana suka sa wa hannu. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka takarda ta ƙara nauyi ta wannan ɓangaren, sai dai Nijar ɗin na cikin Interpol, jami'an bakin iyaka kuma sun san juna. Abin da ba za ku yi ba shi ne ku tura samari su ƙetara su ɗauko shi. A can sunan wannan satar mutum, su za a ɗaure.

Sai abin da na san ba za ka so ji ba, Malam. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Gudu shi kaɗai ba hujja ba ne, tsoron taro ma na sa marar laifi ya gudu. Abin da ke da nauyi a hannunku shi ne an gan ta tare da shi na ƙarshe. Kotunan Nijeriya suna ɗora wa wanda aka gani na ƙarshe da mamaci nauyin ya yi bayanin yadda suka rabu, musamman in tazarar lokacin gajera ce. Don haka waɗanda suka ga ya ɗauke ta da la'asar su ne jarinku, a lallaɓa su, kada a bar su su yi ta ba da labari a majalisa har maganarsu ta rabu biyu. Ba ka ce ko likita ya duba gawar kafin a yi mata sutura ba. Mu da gaggawar jana'iza, nan ake yawan yin asara. In an duba, a tabbatar rahoton yana cikin fayil. In ba a duba ba, ba a rasa komai duka ba: waɗanda suka fara ganinta da matan da suka yi mata wanka su ba da bayanin raunin da suka gani, a rubuta tun yanzu.

Za a zo muku da maganar sulhu, kusan ko yaushe ana zuwa. A kotun Shari'a, wadda Kebbi da Zamfara suka ba hurumin laifuka tun 2000, waliyyan jini na da zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa, kuma a Malikiyya galibi dangin uba maza ne ke da wannan magana, wato mahaifinta da 'yan'uwanta maza. Kai kawu shawara ce taka, ka san wannan tun wuri don kada a saɓa a gida. Kisan yaudara kuma, a ja mutum inda ba mai cetonsa, malaman mazhabar ba su bar wa dangi yafe shi ba. A Babbar Kotu, inda yawancin irin wannan shari'a ke zuwa, afuwar dangi ba ta rufe fayil, gwamnati ce mai ƙara. Kada kowa ya karɓi ko sisi ko ya sa hannu a wata takarda ba tare da lauya ya gani ba.

Ku kuma shirya wa doguwar zama. Shari'ar ɗan ƙasar Sin da ya kashe budurwarsa a Kano a Satumbar 2022, wanda aka kama nan take kuma duniya ta sa ido, sai a Maris na 2024 aka yanke hukunci. In kuɗin lauya ya yi muku nauyi, ku je ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA a Birnin Kebbi, ku tafi da littafin nan da kwafin takardar da kuka kai wa Kwamishina.