Doguwar malfa don sukuwar Ascot: tururi ba ya faɗaɗa ta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Ingila. Wani abokin kasuwancina ya gayyace ni kallon sukuwar Royal Ascot a watan Yuni, kuma a sashen Royal Enclosure za mu zauna. Na riga na kama hayar kwat mai jela da falmaran, saura doguwar malfa. Kaina santimita 61 ne. Na ga wata a intanet, mai ita ya ce sabuwa ce dal, ta siliki zalla, kuɗinta bai kai fam 100 ba, sai dai mai lamba 59 ce kaɗai ta rage masa. Ya ce in na kara ta a tururin buta za ta buɗe. Saura mako uku, kuma abin da ke hana ni barci shi ne kada a tare ni a ƙofa a gaban mutumin da ya mutunta ni. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka saya, ɗan'uwa. Amma ka kwantar da hankalinka, mako uku ya isa, kuma maganar ƙofa ita ce mafi sauƙi a cikin duk abin da ka faɗa. Ƙa'idar Royal Enclosure ba ta ce sai siliki ba. Abin da ta ce, doguwar malfa baƙa ko ruwan toka, ba a ɗaura mata ƙyalle mai launi ba, ba a soka mata gashin tsuntsu ba. Malfar haya ta gashin zomo ta cika wannan sharaɗi sarai. Ƙa'idar ta shafi laktaye da safa da takalmi ma, don haka ka duba waɗannan: laktaye na sosai, baƙin takalmi, da safa mai rufe idon sawu.

Shi kuwa mai sayar da malfar nan abu biyu ya gaya maka, kuma duka biyun ba gaskiya ba ne. Na farko zan wuce shi da sauri. Babu sabuwar malfar siliki ta ainihi a kasuwa. Yadin nan mai sheƙi da ake lulluɓe ta da shi a Faransa ake saƙa shi, kuma an daina tun wajen ƙarshen shekarun 1960. Duk ta gasken da ka gani a kan wani a Ascot tsohuwa ce, an gada ko an saya hannu na biyu an gyara. Da yake kawunan mutanen da ba su kai na yanzu girma ba, mai lamba 61 ta yi wuyar samu ƙwarai, kuma in an same ta ana maganar dubban fam ne. Wadda ba ta kai fam 100 ba satin ne aka manna a kan kwali, irin ta 'yan wasan kwaikwayo. Araha ba ta ado.

Na biyun shi ne wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum a wannan lokaci na shekara sai wani ya shigo da malfar da aka lalata da wannan shawara. Wai za ta buɗe. Na san inda mutanenmu suka samo tunanin. Mun saba da zanna bukar da kube, waɗanda mai wankin hula zai jiƙa, ya sa musu sitati, ya ɗora a gungume ya ja har su ɗauki girman da ake so. Zare ne, yana miƙewa. Doguwar malfa ba haka aka gina ta ba. Ta gargajiya, jikinta yadin auduga ne hawa-hawa da aka jiƙa da shelak, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, aka bar shi ya bushe ya sandare, sannan aka lulluɓe. Ta zamani ma, ta gashin zomo, an ƙarfafa ta ne don ta tsaya ƙyam. Abin da aka yi domin kada ya motsa, ta yaya za ka ce ya ba ka santimita biyu?

Ga abin da tururin buta ke yi mata. Shelak yana laushi da zafi, amma tururi ba ya ratsa shi daidai wa daida. Gefe ɗaya ya yi laushi, ɗayan yana nan da taurinsa. Ka cusa kanka ko gwiwarka da ƙarfi, sai bakin malfar ya karkace, gindin ya tsage a inda ya haɗu da bakin, yadin sama ya kumbura ya saki. Fatar da ke ciki kuma, in ta sha zafi da danshi, ƙanƙancewa take yi. Wato ka tashi faɗaɗawa ka ƙare da wadda ta fi ta da matsewa, ga ta a karkace. In kuwa irin ta kwali ce, da tururin farko gam ɗin zai saki, shi ke nan. Masu ba da wannan shawara a intanet ba su taɓa riƙe malfar da ta tsage a hannu ba, kuma ranar da taka ta lalace ba za su amsa saƙonka ba. Abin takaici, wasu ma da tsohuwar siliki ta gaske suke yin wannan ɓarna, abin da ya shekara ɗari lafiya lau kuma ba za a sake yin irinsa ba.

Wani zai ce ai masu sana'ar ma da zafi suke gyarawa. Haka ne, amma siffa suke gyarawa, girma kuwa ɗan kaɗan ne ainun suke iya ƙarawa. Kan wani doguwa ne daga goshi zuwa ƙeya, na wani zagayayye. Shi ya sa tsofaffin shaguna irin su Lock & Co. da ke titin St James a Landan, wanda yake nan tun 1676, suke da wani abin awo mai sanduna da yawa da ake kifa wa mutum a kai, ya fitar da zanen siffar kansa a takarda. Da wannan zane ake ɗumama gindin malfar a hankali a daidaita ta. Babu wanda zai mayar maka da 59 ta zama 61, komai gwanintarsa.

Kuma kada ka ce za ka daure. Za ka sa ta tun kafin isowar ayarin keken dokin sarki da ƙarfe 2 na rana har bayan tseren ƙarshe da yamma, yawanci a tsaye, cikin zafin Yuni. Ba a yarda ka cire ta ba sai a ɗakin cin abinci, ko keɓaɓɓen ɗakin kallo, ko wasu wuraren zama da aka ware. Malfa mai matsi, kafin awa guda ta shata maka layi a goshi ta tayar maka da ciwon kai, sai ka wuni kana neman inda za ka ɓuya ka cire ta, shi kuwa mai gayyatarka yana neman ka.

Abin da za ka yi shi ne, ka koma inda ka kama hayar kwat a cikin makon nan, kada ka jira, domin manyan lambobi su ke fara ƙarewa. Lambarka a awon Ingila 7½ ce. Ka kiyaye, awon Amurka ya ɗara na Ingila da kashi ɗaya cikin takwas na lamba, shi ya sa ya fi kyau ka faɗi santimita. Ka yi aski irin wanda za ka je da shi kafin ka gwada. Ta zauna daidai, kamar faɗin yatsa sama da kunne, kada ta koma ƙeya. Ka sunkuya ka girgiza kai: in ba ta faɗi ba kuma ba ta matse ka ba, ita ce. In ka faɗa tsakanin lamba biyu ɗauki babbar, a sa mata ɗan ciko a bayan fatar ciki. Ni a karon farko ruwan toka nake ba mutum shawara, domin ba ta tona bambancinta da siliki kamar yadda baƙa ke yi in an jera.

Akwai kuma wata hanya da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Ƙa'idar Ascot ta yarda baƙi daga ƙasashen waje su sa cikakkiyar shigar ƙasarsu ta alfarma. Babbar riga da 'yar ciki da wando da hula mai kyau sun shiga wannan. Tunda kai mazaunin Ingila ne, ka sa mai gayyatarka ya tambayi ofishin Royal Enclosure a rubuce tun yanzu, ka riƙe amsar a wayarka. Amma in ka zaɓi wannan, ka yi shi cikakke. Kwat mai jela da zanna bukar a kai ba shigar kowace ƙasa ba ce, kuma wannan kam za a iya tare ka a kansa.